Darasin Addini a Sakandaren Katolika: Wa Muka Miƙa wa Alli?

   

Duk uban da ya kawo ɗansa makarantar mishan, tambayarsa ta farko ɗaya ce: yara nawa suka ci WAEC bara? Daga nan sai kuɗin makaranta, sai abinci, sai tsaro, wanda a 'yan shekarun nan ya sha gaban komai, kuma da dalili. Da wuya ka ji wanda ya tambayi wa ke koyar da addini, ko me ake koyarwa a ajin. Mu ma da ke cikin makarantun mun daina tambaya. Abin da ya kawo ni gabanku ke nan. Darasin addini shi ne zuciyar makarantar da Ikilisiya ta gina, shi ne kuma darasin da muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sakacin ba daga littattafai ya fara ba. Ya fara ne daga wanda muke miƙa wa alli.

Bari mu ɗan waiwaya baya. A 1907 limaman ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam, suka kafa mishan ɗin Katolika na farko a wannan ɓangare na Arewa. Turawan mulki sun taƙaita aikin 'yan mishan a cikin masarautun Musulmi, saboda haka makarantun suka fi yawa a Filato, da kudancin Zariya, da Binuwai, da Adamawa, da kuma unguwannin baƙi na manyan garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa. Sistocin St. Louis suka iso Kano a 1948. Kwalejin St. John's ta buɗe a Kaduna a 1949, ga kuma Queen of Apostles ta 'yan mata a Kakuri. Daga baya St. Joseph's ta Vom da St. Murumba ta Jos suka biyo. Bayan yaƙin basasa gwamnatocin soja suka karɓe makarantu a jihohi da dama, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina.

Idan muna ba da wannan labari, gine-gine muke yi wa kuka, da filayen wasa, da sunayen da aka sauya. Ni a ganina asarar da ta fi ciwo ita ce kwalejojin horar da malamai, irin su St. Enda's da ke Basawa ta Zariya. A can ne ake ɗaukar saurayi ɗan ƙauye a riƙe shi shekaru, ya koyi lissafi da Turanci, ya koyi tsayuwa gaban aji, ya kuma koyi addininsa har ya iya amsa tambayar yaro ba tare da ya fusata ba. Mun sake gina sakandarori bayan karɓewar, wasu jihohin kudu irin su Legas da Anambra ma sun mayar wa coci makarantunta. Amma rijiyar da ake ɗebo malaman ba mu sake haƙa irinta ba.

To me ke faruwa a ajin yau? Na shiga azuzuwa da dama a matsayin mai duba aiki, kuma abin da zan bayyana ba na makaranta ɗaya ba ne. Ranar Juma'a ce, darasi na ƙarshe, rana ta take, yara sun gaji. Malamin ya shigo riƙe da wani ɗan ƙaramin littafi na tambayoyin jarrabawar shekarun baya, bangonsa ya yage. Ya juya wa yara baya ya fara rubutu a allo: darussa biyar da za a koya daga rashin biyayyar Sarki Saul. Yara suna kwafa, ba ka jin komai sai ƙarar alli. Littafi Mai Tsarki yana kan teburinsa a rufe, an ɗora rajista a kai. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, me ya sa Allah ya yafe wa Dawuda bai yafe wa Saul ba, alhali laifin Dawuda ya fi muni?” Malamin ya ce wannan ba ya fitowa a jarrabawa, ta zauna. Ta zauna kuwa. A duk wannan mako ba a yi tambayar da ta kai tata nauyi ba a makarantar, kuma ta koma gida da ita a ciki.

Ba na ɗora wa malamin laifi shi kaɗai. Digirinsa a fannin tarihi ne, an ba shi addini ne don a cike masa awoyi. Shi ke kula da ɗakin kwanan yara maza, shi ke raka su asibiti. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa yadda ake karanta littafin Sama'ila. Ba za mu taɓa yarda a yi wa darasin kimiyyar sinadarai haka ba. Da iyaye sun ji an ba wanda bai karanci fannin ba, da sun cika ofishin shugaba kafin azahar.

Manhajar jarrabawa kanta ba ta da aibi. WAEC da NECO sun tsara ta ne don kowane Kirista, ɗan ECWA, da ɗan COCIN, da ɗan Angilika, da ɗan Baptis, da namu. Shi ya sa ta tsaya a kan Tsohon Alkawari, da rayuwar Yesu Almasihu a cikin Linjila, da Ayyukan Manzanni, da wasu wasiƙu. Wannan adalci ne daga hukumar jarrabawa. Amma makarantar da ta tsaya a nan ta ce ta koyar da addinin Katolika, ta ruɗi kanta. Yaro zai shekara shida a hannunmu, ya fita da kyakkyawan sakamako, bai san dalilin da ya sa Littafinmu ke da littattafai 73 na maƙwabcinsa kuma 66 ba. Bai san ma'anar sakramenti bakwai ba sai sunayensu. An tambaye shi a jami'a me ya sa kuke yi wa Maryamu sujada, ya rasa bakin cewa ba sujada muke yi mata ba, girmamawa ce, domin ba wanda ya taɓa bambance masa. Wani ya gaya masa Kiristanci addinin Turawa ne, ya sunkuyar da kai, alhali Agustin, wanda Turai ta shekara fiye da dubu tana karatu a gindinsa, an haife shi ne a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Bakhita 'yar Darfur ce, aka sace ta tana ƙarama aka sayar, aka kuma ayyana ta cikin tsarkaka a 2000. Fada Tansi, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya zo Najeriya a 1998 ya ɗaukaka shi zuwa matsayin mai albarka, malamin makaranta ne kafin ya zama firist. Ku 'yan aji shida da ke baya, ku gaya mini tsakani da Allah, an taɓa ba ku labarin waɗannan a aji?

Sai kuma koyarwar Ikilisiya a kan zaman jama'a, wadda ita ce ƙasarmu ta fi ƙishirwa. Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙa a kan haƙƙin ma'aikaci da ladan da zai ishe shi riƙe iyali. A 2015 Paparoma Francis ya rubuta Laudato Si' a kan kula da ƙasa da ruwa da itatuwa. Yaron da ke ganin tireloli cike da buhunan gawayi suna fita daga dajin garinsu, yana ganin hamada tana matsowa, ya kamata ya ji a aji cewa addininsa yana da abin cewa a kan haka.

A nan akwai wani bambanci da ya kamata mu riƙe da kyau, kuma ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ofishin Batikan mai kula da ilimi ya fitar da takarda a 1988 a kan matsayin addini a makarantar Katolika, ya raba abu biyu da muke cakuɗawa. Akwai katikisim, wanda ake yi wa wanda ya riga ya ba da gaskiya, yana shirin baftisma ko karɓar Jibi, kuma gidansa na asali shi ne cikin jama'ar coci. Akwai kuma darasin addini na aji, wanda aikinsa ba da ilimi ne, a tsare, da hujja, da zurfi daidai da na kowane fanni. Suna taimakon juna, amma kowane da huruminsa. Idan malami ya mai da aji wurin wa'azi, mai tambaya zai yi shiru, wanda ba ɗan ɗarika ba zai ji an takura shi. Idan kuma aka mai da katikisim hadda don jarrabawa, yaro zai karɓi sakramenti da ka, zuciya ba ta sani ba.

Wannan bambanci shi ne ya buɗe mana ƙofar magana a kan yaron da ba namu ba. A makarantunmu na Kano, da Sakkwato, da Minna, da Kaduna, akwai 'ya'yan Musulmi, wani wurin kaɗan, wani wurin da yawa. A Jamhuriyar Nijar, inda Kiristoci ba su da yawa, mafi yawan ɗaliban makarantun Katolika Musulmi ne, kuma Kwalejin Mariama ta Yamai ta yaye mata da dama da suka riƙe manyan ayyuka suna nan da Musuluncinsu. Alhajin da ya ɗauko 'yarsa ya kawo wa Sista, amana ya kawo. Ya san akwai gicciye a bango, ya san ana buga ƙararrawar addu'a. Ya yarda ne domin ya ji ana koyar da karatu da ladabi. Bai kawo ta don a sauya mata addini ba.

Dokar ƙasa a fili take. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar wani addini ko shiga ibadarsa idan ba addininsa ba ne, ko iyayensa ba su amince ba. Sashen ya kuma kare haƙƙin kowace ƙungiyar addini ta koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da take ɗaukar nauyinta. Amma ba na so mu riƙe wannan don tsoron kotu. Dokar Ikilisiyarmu da kanta ta haramta a tilasta wa mutum shiga addinin Katolika ba da son ransa ba. Babban taron Batikan na Biyu ya fitar da takarda a kan 'yancin addini a Disamban 1965. Kafin nan, ranar 28 ga Oktoba na shekarar, taron ya fitar da takardu biyu a rana ɗaya da suka shafe mu: ɗaya a kan ilimin Kirista, ɗaya a kan dangantakarmu da sauran addinai. Ta biyun ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, ta ambaci bautarsu ga Allah ɗaya, da girmamawar da suke yi wa Yesu a matsayin annabi da mahaifiyarsa Maryamu, da salla da zakka da azumi, ta kuma roƙi ɓangarorin biyu su bar gabar da ta wuce. Shekara sittin ke nan, kuma ina shakkar ko rabin malaman addininmu sun taɓa karanta wannan sakin layi ɗaya.

Ra'ayina, kuma na san ba kowa zai so shi ba, shi ne duk makarantar Katolika da ta karɓi kuɗin uba Musulmi ta ɗauki malamin addinin Musulunci ƙwararre, ta biya shi kamar kowa, ta ba yaran wuri mai tsabta da ruwan alwala. Na taɓa kwana a wata makarantar kwana a watan azumi. Wajen ƙarfe huɗu na asuba na ji motsi a kicin, na leƙa. Wata dattijuwa mai dafa abinci, carbin rosari a wuyanta, ta hura wuta tana ɗumama tuwon jiya, ta dama koko, 'yan mata ƙalilan suna zaune a kan benci lulluɓe da mayafi suna jira. Tana zuba musu tana cewa, “Ku ci da sauri 'ya'yana, kada lokaci ya ƙure muku.” Ba a rubuta wannan a takardar aikinta ba. Yaran Katolika da suka ji labarin da safe sun koyi wani abu game da addininsu wanda allo bai ba su ba.

Na san amsar da ke zuciyar wasunku, domin an sha faɗa mini ita. Za ku ce a makarantun gwamnati na wasu jihohin Arewa 'ya'yanmu ba su da malamin addinin Kirista ko ɗaya, bishop-bishop ɗinmu sun yi koke har sun gaji, me zai sa mu yi wa wasu abin da aka hana mu? Koken gaskiya ne, kuma ina cikin masu yin sa. 'Yan'uwa Musulmi da ke nan, ina roƙonku ku kai wannan magana inda muryarmu ba ta kai. Amma zaluncin da aka yi wa ɗana a wata jiha ba ya ba ni izinin tauye 'yar wani a nan. Yarinyar ba ita ta rubuta dokar ba. Kuma ranar da bishop zai zauna gaban gwamna ya nemi haƙƙin 'ya'yanmu, maganarsa za ta fi nauyi idan zai iya cewa a zo a duba yadda muke yi a namu makarantun.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba ina cewa a narkar da addinan biyu su zama ɗaya ba, ko a cire gicciye don kada ran wani ya ɓaci. Bambancin da ke tsakaninmu babba ne. Mun ba da gaskiya cewa Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi daga matattu. Musulmi bai yarda da wannan ba, kuma ba don rashin fahimta ba ne, aƙidarsa ce. Malamin da ya ce wa yara duk abu ɗaya ne ya yi wa addinan biyu ƙarya, yara kuwa suna gane ƙarya da wuri. Abin da nake nema shi ne kowane yaro ya san nasa da zurfi, ya kuma san na maƙwabcinsa yadda maƙwabcin zai ji ya ce, haka ne, haka muka yi imani. Ɗan Katolika ya san cewa akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryam, ya san cewa Musulmin farko da aka tsananta musu a Makka wurin sarkin Habasha Kirista suka sami mafaka. Ɗan Musulmi ya ji daga bakin mai addinin cewa Kirista ba alloli uku yake bauta wa ba. Haka nan ɗan ECWA da ke ajinmu kada ya ji malami yana kiran cocin iyayensa da sunan raini.

Wanda yake ganin wannan ƙawa ce kawai ya tuna da watan Maris na 1987. Rikicin da ya ƙone majami'u da masallatai daga Kafanchan har Kaduna, da Zariya, da Funtuwa, a harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya tashi, tsakanin ɗalibai, a kan abin da mai wa'azi ya faɗa game da addinin wasu. Waɗanda suka fara shi masu shirin zama malamai ne. Tun daga lokacin mun binne mutane da yawa a wannan yanki, garin Kaduna ya rabu gida biyu, kogi a tsakiya. Yaro yana iya tashi a Sabon Tasha ko a Tudun Wada har ya kai shekara goma sha biyu bai taɓa cin abinci a kwano ɗaya da ɗan wani addini ba. Ga da yawa daga cikinsu, ajinmu ne wuri na farko, wataƙila kuma na ƙarshe, da za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Manya suna nasu ƙoƙarin. Mun ga Kadinal Onaiyekan da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suna zama tare, mun ga Paparoma Francis da Shehin Azhar sun sa hannu a takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi a 2019. Amma takardar da aka sa wa hannu a Abu Dhabi ba za ta iso unguwa ba sai ta bi ta bakin malamin aji.

Wani abu kuma a taƙaice. Yara suna karanta makarantar kanta fiye da yadda suke karanta littafi. Idan da safe an koya musu kada a yi sata, da rana suka ga an tara kuɗi don a sayi mai sa ido a ɗakin jarrabawa, darasin rana ne zai zauna. Idan an karanta musu labarin Basamariye mai tausayi, sannan aka kira sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a gaban taro aka kore su suna kuka, sun gane wanne ne na gaske. Haka idan mai gadi da mai shara suna bin makaranta albashin watanni.

Akwai kuma maganar harshe. Jarrabawa da Turanci ake yi, ba gardama. Amma yaron da ya fito daga ƙauyukan Malumfashi, ko Zonkwa, ko Zuru, da Hausa uwarsa ta koya masa addu'a, da Hausa yake jin tsoron mutuwa, da Hausa yake tambayar kansa ko Allah yana ganinsa. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. A bar shi ya yi tambayarsa da harshen da ta zo masa, a amsa masa da shi, sannan a koma Turanci don jarrabawa.

Duk wannan yana komawa kan mutum ɗaya. Dokar Ikilisiya ta ɗora wa bishop alhakin tabbatar da cewa malaman addini sun yi fice a sahihiyar koyarwa, da halin kirki, da iya koyarwa, ta kuma ba shi ikon naɗa su ko amincewa da su. Abu uku ta nema, mu kuwa sau da yawa muna wadatuwa da ɗaya: mutumin kirki ne, yana zuwa coci. Firist ma ba don ya sa farar riga ba ne zai iya riƙe aji na yara arba'in masu shekara goma sha biyar. Wa'azin Lahadi daban, koyarwa daban, kuma Fadan da ke da ƙauyuka goma a ƙarƙashinsa ba zai iya zuwa aji a kan lokaci kowane mako ba, ko da ya so.

Wuraren horarwa kuwa muna da su. Ga babbar makarantar firistoci ta St. Augustine a Jos, ga ta Good Shepherd a Kaduna, ga Jami'ar Veritas ta bishop-bishop ɗinmu a Abuja, ga cibiyar horar da katikist a Malumfashi. A dogon hutu ɗakunan kwanansu ba kowa, malamansu kuma suna nan. Roƙona ga shugabannin ilimi na kowace dayosis shi ne a buɗe kwas na hutu don malaman addini na sakandare, maza da mata, a koya musu Littafi Mai Tsarki, da tarihin Ikilisiya a Afirka, da koyarwarta a kan zaman jama'a, a kuma gayyato malamin Musulunci mai ilimi ya koya musu addininsa da bakinsa. Wanda ya gama a ƙara masa albashi, a rage masa sauran ɗawainiya, a kuma daina ba kowa wannan darasi sai mai takardar.

Za a ce ina kuɗi. Iyaye, a nan nake dubanku. Kun tara kuɗi kun sayi motar makaranta, kun haƙa rijiyar burtsatse, kun kewaye makaranta da katanga, Allah ya saka muku. Kuɗin tura malamai biyu kwas na hutu bai kai na tayoyin motar nan ba. Idan ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna a zango mai zuwa, ina so wani uba ko wata uwa ta miƙe ta kawo wannan a matsayin shawara, a rubuta, a kaɗa ƙuri'a a kai. Shugabannin makarantu da ke nan sun ji, na tabbata ba za su hana a saka shi cikin abubuwan da za a tattauna ba.